Filin Tambaya da Amsa: Zan fita TP amma Turanci maƙale min yake a wuya

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon kusan duk saƙonnin da sunka shigo na ɗalibai ne masu karatun malanta ɓangaren Turanci, wasu lokacin fita koyarwar gwaji ya matso musu, wato TP kamar yadda kowa ke kiranta, wasu kuma har sun riga sun fita suna can suna fama. Na zaɓo kaɗan daga ciki, kuma duk na cire sunaye kamar yadda aka roƙa.

TAMBAYA: Salam Malama ina wuni ya aiki. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni ɗaliba ce ina NCE, Turanci da Hausa nake haɗawa, samista mai zuwa za mu fita TP kuma wlh tunda aka kafe sunaye ban sake barci mai daɗi ba. A takarda bani da matsala ban taɓa samun kariyoba ba, girama in anka bani a rubuce ina yi, amma da na tashi tsaye gaban mutane sai bakina ya mutu, ranar maikuro tichin, wato ɗan gajeren gwajin koyarwa da munka yi gaban 'yan ajinmu, muryata rawa ta riƙa yi, kalma guda ta ɓace min na yi tsit har aka fara dariya ƙasa ƙasa. To in gaban 'yan ajinmu haka ina ga yara cike da aji? Har na fara tunanin ko dai ban dace da aikin nan ba. Mi zan yi?
Wata ɗaliba daga Jega

AMSA: Wa alaikis salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ki yana da dalili kuma yana da magani. Duba yadda kika koyi Turancin tun farko. Mafi yawanmu a nan Kebbi a makaranta kawai muke haɗuwa da shi, gida Hausa, kasuwa Hausa, islamiyya Hausa da Larabci, wasu ma Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci ne a gida sai Hausa ta zo ta biyu Turanci na uku, sannan a makarantar ma kwafar not ake yi daga allo a haddace a zuba a jarabawa a wuce. Kinga kin shekara goma sha wani abu idonki da hannunki suna aiki da Turanci amma bakinki bai samu rabonsa ba, kuma baki sai da sabo. Karatun yana nan a kanki tunda ga sakamakonki ya nuna, furtawa ce ba ki yi da yawa ba.

Sannan ki sani tsayuwa gaban 'yan ajinku ta fi tsayuwa gaban yara wuya nesa ba kusa ba. Su sa'anninki ne, sun san darasin, ga lakcara zaune da biro yana jiran ya ga inda za ki yi tuntuɓe. Yaron JSS 1 ba wannan ke gabansa ba, shi so yake ya gane abin da ake faɗi kuma kada a kunyata shi.

Ki tuna makarantar allo. Babban almajiri yana biya wa ƙanana karatu tun shi kansa bai sauke ba, malam na zaune gefe yana ji, in ya yi ɓata a gyara masa ya ci gaba, da haka har ya zama malam. TP ma haka take. Hukumar NCCE da aka kafa a 1989 don kula da kwalejojin ilimi ta sa ta ne a matsayin kwas na dole a shekarar ƙarshe ta NCE, bayan an yi maikuro tichin a shekara ta biyu, wato har yanzu ke ɗaliba ce an fitar da ke ne ki koya. Babu wanda ke jiran ki shiga aji kina ƙwararriya, kuma ƙarfin gwiwar da kike jira ya zo miki kafin ki shiga, a cikin ajin ake samunsa, sati na uku ba zai zama kamar na farko ba insha Allah.

Amma fa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bazan ce miki ki cire tsoro kawai ki shiga ba. Na sha ganin masu TP da ba su da tsoro ko kaɗan, ga baki ga murya, amma Turancin da suke zuba wa yara karyayye ne kuma yaro abin da malam ya faɗa shi ne gaskiya a wurinsa, haka zai ɗauke shi har SS 3. Kuma mun san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, a JAMB ma Turanci dole ne ga kowa ko mi mutum zai karanta. Wannan amana ce babba, ni na fi son mai tsoro da ke shiri da marar tsoro da ke shiga aji hannu rabbana. Saboda haka tsoron nan naki ki sa shi aiki.

Ga yadda za ki yi. Turancin da malami ke amfani da shi a aji ba shi da yawa kamar yadda kike zato, kusan jimloli ɗaya ne ake ta maimaitawa kullum, irin su "Open your books", "Say it after me", "Who can try?", "Look at the board", "Work with the person next to you", "Well done". Ki samu littafi ki rubuta kamar guda 30 irinsu, kullum bayan sallar asuba ki faɗe su da ƙarfi, da murya irin ta aji ba a zuci ba, har su zama suna fitowa ba tare da kin yi tunani ba. Ki kunna rikodin a wayarki ki koyar da darasi na minti 5 ki saurara, farko ba za ki so jin muryarki ba amma ki daure, nan za ki ji inda kike sauri da inda kike haɗiye ƙarshen kalma. Da yamma ki tara ƙannenki da yaran maƙwabta a tsakar gida da ɗan allo ko bayan tire da gawayi ki koya musu abu ɗaya, wannan ya fi karanta handawut goma amfani a halin da kike ciki. Labaran NTA na ƙarfe 9 ma ki riƙa bin mai karantawa da baki, akwai kuma shirye-shiryen koyon Turanci na BBC da VOA a intanet in da data.

Da zarar kin san makarantar da aka tura ki, kada ki jira ranar farawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je ki gaida firinsifal, ki nemi malamin da ke riƙe da darasin ki karɓi sikim, wato jadawalin darussan zangon, ki roƙe shi ki zauna bayan aji ki ga yadda yake yi da yadda yaran suke. Lesin filan kuma ki rubuta da kanki kada ki kwafi na wadanda sunka gabace ku, don wanda ya kwafa shi ne ke ɓacewa a tsakiyar darasi tunda ba daga kansa abin ya fito ba. Minti biyar ɗin farko ki haddace su tsaf, daga gaisuwa har zuwa tambayar farko, in kin wuce nan gaba ya daina faɗuwa.

Kuma kada ki ɗauka firiyod ta minti 35 ko 40 ke za ki cika ta da magana. Misali za ki koyar da abin da ake cikin yi yanzu. Ki shigo da tsintsiya da buta da albasa guda, ki kira yarinya ɗaya ki ba ta tsintsiyar ta fara shara, ki nuna ta ki ce "She is sweeping", aji ya maimaita, layin dama ya faɗa, layin hagu ya faɗa, ki rubuta a allo. Ki ba yaro buta ya riƙa zuba ruwa a bakin ƙofa, ki tambaya "What is he doing?" ki yi shiru ki jira, kada ki yi saurin ba da amsa, wani zai ɗaga hannu. Daga nan su biyu biyu, ɗaya ya kwaikwayi wani aiki ɗaya ya faɗa. Jimlolin da kika furta a darasin duka ba su wuce a ƙirga ba, amma yara sun yi magana sun gane, kuma kowane sufabaiza da ya san aikinsa abin da yake son gani kenan.

In kalma ta ɓace miki ki juya ga allo ki rubuta abin da kika faɗa na ƙarshe ki sa su karanta, kafin su gama ta dawo. In yaro ya yi tambayar da ba ki da amsarta kada ki ƙirƙira, ki yaba masa ki ce gobe za ku duba, kuma goben ki zo da amsar da gaske. Allah ya ba da sa'a 'yata, ki rubuto min bayan kin yi sati biyu.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni na riga na fara TP a wata ƙaramar sakandare a ƙauye, JSS 1 aka bani. In na yi Turanci zalla yaran kallona kawai suke kamar ba da su nake ba, da na juya Hausa sai aji ya farka kowa na ɗaga hannu. Matsalar kafin mu fito an ja mana kunne cewa duk wanda aka kama yana banakula a ajin Turanci za a rage masa maki, shi kuma firinsifal ya ce in yi musu Hausa kawai don su gane. Wa zan bi?
Wani ɗalibi daga Yauri

AMSA: Ɗana, duka biyun kowa ya riƙe rabin gaskiya. Wanda ya hana Hausa tsoronsa kada darasin Turanci ya koma hira da Hausa a kan Turanci, yaro ya gama JSS 3 ya san ma'anar "noun" amma bai iya tambayar hanya ba, kuma wlh hakan na faruwa sosai. Firinsifal kuma shi ne ke zaune da yaran ya san inda suke.

Amfani da harshen yaro ba laifi ba ne a ilimance. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fara fitarwa a 1977 ta tanadi a wancan lokacin a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa kafin a koma Turanci. Kafin nan ma, a 1970, Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shidan firamare duka, Turanci kuma aka ba shi ƙwararrun malamai a matsayin darasi, kuma yaran ba su zama koma baya a Turancin ba. Amma ka lura da wannan na ƙarshen, darasin Turancin an yi shi da kyau, ba a yi wasa da shi ba. Kai ma darasin Turancin aka ba ka, kuma firiyod ɗinka wataƙila ita kaɗai ce inda yaron nan zai ji Turanci a yini guda, in ka cinye ta da Hausa ina zai ji shi?

Ni abin da nake gani shi ne ka fara da Turanci mai sauƙi, gajerun jimloli, a hankali, da nuni da hannu da zane a allo da kayan da ido ke gani. In ka gwada haka ka ga har yanzu idanu sun yi zuru, sai ka jefa kalma ɗaya ko jimla ɗaya ta Hausa ka buɗe musu, ka koma Turanci nan take ka sa su maimaita. Abin da zan hana ka shi ne fassara kowace jimla, don in sun gane Hausar na zuwa a baya to sun daina sauraron Turancin kenan, jira kawai za su yi. Kuma tunda ƙasar Yauri kake ka bincika, akwai yaran Kambari da Gungawa da ita kanta Hausar ba ita ce ta gidansu ba, su nuni da hoto ya fi yi musu amfani. Tarar banakula da dukan yaro don ya yi harshen uwarsa kuwa ka nisance su, ba abin da suke koya wa yaro sai yin shiru.

Maganar maki, ka samu sufabaizanka da ladabi kafin ya shiga ajin ka gaya masa matakin da ka samu yaran da dabarar da kake bi, ka ma rubuta ta a lesin filan. Kada dai ka yi abin da wasu ke yi, su haddatar da yara darasi guda don ranar da za a zo dubawa, ƙwararren malami daga yadda hannaye ke tashi yake gane an shirya.

TAMBAYA: Malama ni matsalata p da f ce, da v da b. Wani yaro da ya yi firamare a Legas ya yi min dariya a aji da na ce "people". Tun ranar nake tsoron darasin oral, wato na furuci.
Daga Gwandu

AMSA: Wannan ba ciwo ba ne ƙanena, tsarin harshe ne. Turanci na da sauti 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, Hausa kuwa wasula biyar ne gajeru da dogaye sai 'yan tagwai, ba mu da v, ba mu da sautin th, kuma ba mu raba p da f a matsayin sauti biyu masu canza ma'ana. Mu nan yamma ma f ɗin hw da h muke maida ita, mu ce hwari mu ce tahi. To dole sai an koya wa baki da gangan.

Ka samu madubi da ƴar takarda. A f haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa iska ta riƙa fita a hankali, za ka iya jan ta. A p leɓe biyu ne ke rufewa gam sannan su fashe, in ka riƙe takardar gaban bakinka za ka ga ta yi tsalle. Haka v da b, v haƙori kan leɓe da murya, b leɓe biyu. A th kuma ka ɗan fito da kan harshe tsakanin haƙora. Sai ka riƙa jera su biyu biyu kullum, "pan" da "fan", "pull" da "full", "copy" da "coffee", "vote" da "boat", "think" da "sink". Kowace kalmar da za ka koyar gobe ka saurare ta yau a ƙamus mai sauti na waya. Wannan takardar ka kai ta aji kowane yaro ya yagi tasa, su ma matsalarsu kenan kuma za su tarar da ita a WAEC inda jarabawar oral ke da tambaya 60. Ba a neman ka yi magana kamar ɗan Ingila, a dai ji ka a gane. Shi kuma yaron ka jawo shi jiki ya riƙa karanta misalai, amma ka gaya masa a gefe cewa ba a dariya a ajinka, ko ga malami ko ga ɗalibi.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Tunda munka zo malamin Turancin makarantar ya sakar min ajujuwansa duka ya ɓace, aji ɗaya ya fi yara 80, littafi sai nawa, manyan 'yan JSS 3 kuma sun raina ni suna ce min ɗan TP. Abokina ya ce in samu dorina in zane biyu sauran za su shiga taitayinsu.
Wani ɗalibi daga Kamba

AMSA: Kada ka ɗauki shawarar abokin nan. Kai baƙo ne a makarantar, in ka ji wa ɗan wani ciwo kai kaɗai za ka amsa, kuma duka ba ya cire raini, ɓoye shi yake yi. Horo ka bar wa hukumar makaranta. Abin da ke cire raini shi ne su ga kana zuwa kan lokaci, ka san abin da ka zo da shi, kana duba aikinsu, kuma ka san sunayensu, musamman na bayan nan masu surutu, ka fara da su. Mafi girmansu ka ba shi shugabancin rukuni, ka raba ajin layi layi kowane da shugaba, ka daina maƙalewa a jikin allo ka riƙa zagawa har baya. Rashin littafi kuma ka sayi kwali da maka ka rubuta gajeren labari da manyan baƙi ka manna, ko ka rubuta a allo kafin a shigo, kuma ka yi shi kan abin da suka sani, noman shinkafa, kasuwar Kamba, bikin kamun kifi na Argungu, za ka ga har marasa magana sun buɗe baki. Ba za ka iya makin littafi 80 kullum ba, ka ɗauki layi ɗaya yau gobe wani, sauran su yi musaya ku gyara tare a allo.

Shi kuwa malamin da ya tafi ya bar ka, abin da ya yi ba daidai ba ne kuma abin yana ɓata min rai don ya zama ruwan dare, ana ganin zuwan 'yan TP kamar hutu ya samu. Aikinsa ne ya zauna a ajinka ya duba lesin not ɗinka ya gyara maka. Ka same shi cikin girmamawa ka ce kana son ya riƙa shigowa ko sau ɗaya a sati don ka ƙaru da shi, in bai yi ba ka kai maganar ga mataimakin firinsifal, sannan ka sanar da kodinetan TP na kwalejinku yawan firiyod ɗin da aka ɗora maka.

TAMBAYA: Ni digiri na yi a Turanci ba na malanta ba, ina koyarwa a wata firaibet. Sai na sake wani karatu?
Daga Zuru

AMSA: Eh ƙanena, sanin Turanci daban sanin koyar da shi daban. Ka nemi PGDE, wato difloma ta malanta ga masu digiri, jami'o'i na yi, haka NTI, cibiyar horar da malamai ta Kaduna da aka kafa tun 1976 tana yi ta hanyar karatu daga nesa ba sai ka bar aikinka ba, kuma a ciki kai ma za ka yi TP. In ka gama sai ka zauna jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, ka karɓi satifiket da lasisi. Jarabawar a kwamfuta ake yinta, in hannunka bai saba ba ka fara zuwa kafe kana gwadawa tun yanzu.